Kuɗin da ba shekara a jikinsa, suna ake karantawa

Ɗana, ka tambaye ni yadda za a gane zamanin wannan ƙaramin kuɗin azurfa na Italiya tunda ba a rubuta shekara a jikinsa ba, kuma ko ka goge shi ya yi haske kafin mai saye ya zo. Ta biyun zan fara amsawa: kul ka taɓa shi da abin gogewa. Duhun nan da ke kwance tsakanin haruffa shi masu tara tsofaffin kuɗi suke biya. Ka goge, ka mai da kayan tarihi azurfar awo.

Wannan da ke hannunka groso ne na birnin Benis. Enrico Dandolo, wanda ya mulki birnin daga 1192 zuwa 1205, shi ya fara buga shi. Ɗora shi a sikeli tukuna. Lafiyayye yana kusa da giram 2.2, azurfa kusan zalla. In ya yi ƙasa sosai, duba bakinsa. Ɗige-ɗigen da suka zagaye shi an yi su ne don a kama masu yankar gefe, to inda ɗigon ya ɓace, almakashi ya bi ta wurin.

Yanzu ɗauki madubin ƙara girma ka dubi fuskar da mutum biyu suke tsaye riƙe da tuta ɗaya. Ɗaya Waliyyi Markus ne, majiɓincin birnin a wurinsu, ɗayan kuma doje, shugaban da manyan gari ke zaɓa a wancan zamanin ya yi mulki har mutuwa. Sunan dojen yana gefensa a taƙaice, kuma shi ne shekarar da kake nema. In ka ga RA CENO, Ranieri Zeno ke nan, 1253 zuwa 1268. PE GRADONICO kuwa Pietro Gradenigo ne, 1289 zuwa 1311. Waɗannan sun daɗe a mulki, kuɗinsu na da yawa a kasuwa. Marino Zorzi bai cika shekara guda ba, daga 1311 zuwa 1312, shi ya sa nasa ke wuyar samu. Duk wanda ya kawo maka shi da araha, ka ƙara buɗe ido.

Sai haruffa uku da suka sauko a jikin sandar tutar, a nan ne yara suka fi faɗawa. Na Benis DVX ne, wato doje. Sarakunan Sabiya, irin su Uroš Milutin, sun kwaikwayi kuɗin nan kamar an tsaga kara, amma nasu REX aka rubuta, wato sarki, har Benis ta hana karɓarsa. Shi ma tsohon kuɗi ne mai masoya, sai dai a sayar da shi da sunansa. Amanarmu ke nan.

Amma kada ka ɗauka suna kullum gaskiya yake faɗa. A birnin Nafoli na Italiya an ci gaba da buga wani kuɗin azurfa da ake kira jiliyato da sunan Sarki Roberto shekaru bayan ya mutu a 1343, kamar yadda liyarin da iyayenmu mata ke ratayawa yake ɗauke da 1780 ko yaushe aka buga shi. Irin wannan sai ka dubi faɗinsa da tsabtar haruffa, don waɗanda aka buga bayan mutuwarsa sun fi faɗi, aikinsu kuma bai kai na farko kyau ba. Kawo wancan tiren, in jera maka biyu ka gani da idonka.