Ina Zan Kai Yara Su Ga Ƙauyen Ingila?

Tambaya: Salam Anti, karatu nake a Landan, wallahi birnin ya ishe ni, ina zan kai yarana su ga ƙauye da tsofaffin gidajen attajirai?

Amsa: Wa'alaikumussalam ƙanwata, ki hau jirgin ƙasa daga tashar Paddington ki sauka Moreton-in-Marsh a yankin Cotswolds, nan kusa akwai gidan Chastleton da aka gina tsakanin 1607 da 1612, ƙungiyar adana wuraren tarihi ta National Trust ke kula da shi kuma da gangan suka bar shi da ƙurarsa da kujerunsa da suka koɗe, shi ya sa nake matuƙar sonsa. In da lokaci ku leƙa ƙauyen Bibury ku ga jerin gidajen masaƙa na dutse a bakin rafi. Amma ki fara duba ranakun buɗewa a intanet dan da hunturu rufe gidan Chastleton suke, kuma ki riƙe lema.