Amaryata mai zuwa kallon faɗuwar rana

Amaryata, saƙonki ya iso tun shekaranjiya. Ƙaninki ne ya karanta mini har sau biyu, don idon nan ya daina ganin ƙananan rubutu. Na yi dariya har tari ya sarƙe ni, daga baya kuma jikina ya ɗan yi sanyi. Wai kin jera ƙasashen da za ki je a shekara mai kamawa kin liƙa a Instagram, Zanzibar da Istanbul da wani tsibirin Girka mai suna Santorini, duk don ki ga faɗuwar rana. Ummanki ta yi miki faɗa, ta ce ba a shelar tafiya kafin a tashi, kuma ba a zaman kallon rana da almuru. Shi ne kike tambayata ko addini ne, ko al'ada, ko camfin tsofaffi kawai.

Ni abin da ya fara ɗaure mini kai, ranar da ke faɗuwa bayan Goron Dutse kullum a kyauta, laifin me ta yi miki? Ƙanin naki ya nuna mini hoton Santorinin, fararen gidaje a kan tsauni, mutane cunkus kamar hawan Daushe, wai in ta nutse har tafi suke yi mata. Ya ce ƙauyen da ake taruwar Iya ake kiransa. Na ce madalla, iyar gida ta hana, za a tafi wajen wata Iyar.

Ni ma na taɓa zuwa wata ƙasa na kalli rana ta faɗi, kuma ranƙwashi na sha a kai.

Bayan kakar 1962 Malam mahaifina ya tashi aikin Hajji ta ƙasa, ya ɗauke ni ina ɗan shekara goma sha biyu don in riƙe masa buta. Shekara uku yana shiri. Ya tara kuɗin gyaɗa, ya sayar da bijimai biyu, ya biya bashinsa har na goro, don yakan ce ba a fafe gora ranar tafiya. Amma duk shekarun nan uku ba wanda ya san abin da ke cikinsa sai tsohuwarsa da yayansa. Ni kaina ana saura kwana huɗu na ji. Sai ana gobe tashi ya bi unguwa gida-gida yana neman gafara, ana koke-koke, domin a lokacin wanda ya yi gabas ba kowa ke sa ran dawowarsa ba. Da na girma na tambaye shi dalilin ɓoyon, ya ce cikin da ba a haifa ba, ba a raɗa masa suna. Ya ƙara da cewa Annabi Yaƙubu ma ya hana Yusufu ba 'yan'uwansa labarin mafarkinsa, alhali gida ɗaya suke. Ke kuwa mutum dubu nawa ne suka ga jerin naki?

Muka bi Maiduguri, muka tsallake ruwa zuwa Fort Lamy, wanda sai 1973 aka mayar da shi Njamena, muka hau babbar mota zuwa Abeshe, daga nan Junaina a Darfur. A Niyala muka sami jirgin ƙasa, don bai daɗe da isowa garin ba. Kafin mu kai Wad Madani guzuri ya ƙare ƙarƙaf, sai muka shiga gonakin Jazira tsinkar auduga tare da 'yan'uwanmu da ake ce wa Takari. Wasu cikinsu iyayensu ne suka taso tun bayan yaƙin Burmi na 1903, wanda Turawa suka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a cikinsa, kuma har lokacin in ka tambaye su sai su ce a kan hanyar Makka suke. Hajjin shekarar ta wuce mu muna can. Ban taɓa jin Malam ya yi ƙorafi ba, abin da yake maimaitawa shi ne sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba. Ki duba, mutum ɗaya, buri ɗaya, ya ci shekara biyu. Ke kin jera uku a shekara guda, kuma ƙaninki ya duba sama da ƙasa bai ga in sha Allahu a rubutun ba. Wannan kam ba al'ada ba ce, Suratul Kahfi ce, kin kuwa haddace ta a Islamiyya.

A Sawakin aka tsare mu kwanaki ana yi mana allura kafin mu hau jirgin ruwa zuwa Jidda. Ban taɓa ganin ruwan da ba shi da ɗaya gaɓar ba sai ranar. Muna saman jirgin a shimfiɗe kamar buhuna, wannan na amai, wancan na salati, mata sun ɗaura zani jikin ƙarfe don inuwa. A ayarinmu akwai wani tsoho ladani, mutumin ƙasar Haɗeja, idonsa ya yi yana, ba ya ganin komai sai haske. Da la'asar ta yi sanyi ya laluba ya kama hannuna ya ce, yaro, nan ba inuwar bango, ba kaji masu hawa kwana, je ka bayan jirgi ka tsaya, da zarar ta nutse duka ka zo ka gaya mini.

Ki gane, a gidanmu ba a bari yaro ya kai wannan lokaci a waje. Rana na yin ja kakata za ta fara ƙwala kira, ku shigo, almuru ta yi, masu gari sun fito. A rufe randa, a kora awaki, a kunna aci-bal-bal. Daga baya a zaure na ji hadisin da ya ce a tsare yara idan dare ya kawo kai saboda shaiɗanu na bazuwa, ashe tsohuwa ba da ka take faɗa ba. Ga shi kuma mu alƙiblarmu gabas ce, duk magaribar duniya baya muke ba rana. Ranar nan ce karon farko da wani babba ya ce mini je ka kalle ta.

Na riƙe ƙarfen jirgi na zuba ido. Ta yi girma kamar faifai, ja kamar garwashin maƙera, ta shimfiɗa wata hanya ta haske a kan ruwa har zuwa inda farfelar jirgin ke tayar da kumfa. Da gindinta ya taɓa ruwa, wallahi jira nake in ji cuuu, irin na ƙarfen da maƙeri ya tsoma. Sai labarin Zulƙarnaini da na rubuta a allo ya faɗo mini, inda ya iske ta tana faɗuwa cikin wani ido mai baƙin taɓo. Na ce a raina ashe nan ne wurin. Rabi ya tafi, ya rage kamar ɓarin goro, ya rage kamar farce, shi ke nan. Ni kuwa ina nan tsaye baki buɗe, sama ta koma ruwan ɗorawa, ta koma shuni, har tauraro ya fito. Tsoho na can zaune da alwalarsa yana jiran yaro, sai kiran sallar wani Basudane ya ji daga ɗaya gefen. Ban san zuwan Malam ba, ranƙwashin kawai na ji a tsakar ka. Ladanin ne ya cece ni, yana dariya ya ce, Malam ƙyale shi, ni da ina da ido ai da tare za ka same mu. Allah Ya jiƙansa, a Madina muka baro shi.

Fiye da shekara sittin ke nan, in na rufe ido ina ganinta, alhali ko hoto ɗaya ba ni da shi. Ku kuwa, a hotunan da yaron nan ya nuna mini, kowa ya ba ranar baya ya ɗaga waya yana washe wa kansa haƙora. Mu da muka ba ta baya salla muke yi. A biya kuɗin biza da na jirgi a wannan tsadar dala, a je har Girka, a juya mata ƙeya? Kuma a wancan cunkoson ina za ki shimfiɗa sallaya? Gara ma Zanzibar, yawancinsu Musulmi ne, kina kallo za ki ji ladani.

Maganar Ummanki kuma, kada ki ja da ita, ni na haife ta na san kafiyarta. Ki zo ranar Juma'a bayan la'asar mu zauna, ki gaya mini da wa za ki yi tafiyar, don wannan ba ki rubuta ba. In Zanzibar ɗin ta tabbata, kanumfari nake so, na can mai ƙamshin, ba na kasuwar Kurmi da ya sha iska ba.