Zazar giwa: amsar Goggo daga unguwar Aboabo, Kumasi

Assalamu alaikum ɗiyata. Ya nauyin jiki? Allah ya raba lafiya. A gaida maigidan da mutanen unguwarku Nima, can Accra.

Saƙonki ya iso. Kin ce maƙwabciyarku ta ga ƙafafunki sun kumbura, ta ce ki dafa zazar giwa ki sha, har ta ja ki ta nuna miki wadda ta fito a bakin babbar kwatar bayan layinku. Kina son ki ji ko ita ce wadda marigayiya Inna take ƙonawa ta yi toka, da kuma dalilin da ya sa a gidanmu ba a barin yaro ya tsinko magani da hannunsa, ko camfi ne kawai irin na tsofaffi.

Kada ki sha. Mai tsohon ciki idan ƙafa ta kumbura, wani lokaci nauyi ne kawai, wani lokaci kuma jini ne ya hau, kuma ido ba ya bambance su sai an auna. Ki je awo a duba jininki da fitsarinki. In kumburin ya kai fuska da hannu, ko kai yana sara miki, ko kina gani dishi-dishi, kada ki jira ranar awo, ki tafi a ranar, domin daga nan jijjiga take farawa. Ganyen da zai sa ki yawan fitsari zai iya rage kumburin, ke ki ɗauka sauƙi ya samu, alhali ciwon yana nan kwance.

Ko ita ce, sai kin duba da kyau. Karan zazar giwa ba zagaye ba ne, kusurwa huɗu gare shi, da gashi mai kaushi, takan kai ƙugun mutum ko ta wuce. A kowace gaɓa ganye shida ne, biyu dogaye huɗu gajeru, sannan ƙayoyi masu ruwan ɗorawa sun kewaye gaɓar, furen shuɗi mai sirkin shunayya yana leƙowa daga tsakaninsu. Fadama take so, da gefen gonar shinkafa, da duk inda ruwa yake kwanciya da damina ya janye da rani. Masu yankan shinkafa a arewa sun san ta da ƙafa tun kafin su san ta da ido. Ƴaƴanta ƙanana ne, in kika jiƙa su sai su yi yauƙi.

Tokar kuwa, sai kin san yadda gishiri yake a da za ki gane ta. Ke kin tashi gishirin teku na garin Ada yana zube a kowane teburin mai kayan miya. Kakanninmu fatake da suke zuwa Salaga sayen goro, har rikicin 1892 ya watsa garin da yawansu suka gangaro zangon Kumasi, gishiri a wurinsu haja ce da ake ɗauko ta a kan jaki, na Daboya ko na Bilma, kuma ba kowace tukunya ke ganinsa kullum ba. Saboda haka mata suka san ciyayin da tokarsu ke da gishiri-gishiri, zazar giwa tana cikinsu, kuma ba mu kaɗai ba, ƙabilu da dama a Afirka suna ƙona ta don haka.

Inna takan sa a kawo mata ita daga arewa a busashe, a ɗaure dami-dami. Sai ta share wuri fes, ta ƙona, ba ta yarda ko tsinken itacen girki ya shiga ciki ba. In toka ta huce ta zuba a tsohuwar tukunyar ƙasa da aka huhhuda gindinta, ta shimfiɗa ɗan tsumma a ƙasa, ta ɗora a kan wata tukunyar, ta riƙa zuba ruwa kaɗan-kaɗan. Yini guda yana ɗiga. Ruwan farko ja-ja-ja yake fitowa, in kin ɗanɗana da bakin harshe sai kin yamutsa fuska. Shi take adanawa a kwalba. Rabin ludayi a miyar kuɓewa ko ayoyo ya isa yauƙi ya tsaya kuma ganye bai dushe ba, wake kuma nan da nan ya nuna. Yawancin mata da karan gero ko na dawa suke yi, amma ita ta fi son wannan, ta ce ba ta ɗaci. Asantawa ma ai aikin nan suke yi da ɓawon koko da na ayaba, sai dai su sabulu suke dafawa da tasu. Abin da ke cikin tokar ba irin gishirin teku ba ne, masu ilimi suna ce masa fotashiyam, kuma mai ciwon ƙoda an hana shi yawansa. Ki riƙe wannan saboda surukarki.

Ta wajen magani, abin da aka fi saninta da shi shi ne sakin fitsari, shi ya sa ake ba mai kumburi da mai tsakuwa. Mutanen Indiya sun fi mu riƙe ta. A yankin Bengal ganyen suke dafawa su ci da shinkafa, suna ba wanda jininsa ya yi ƙasa, ƴaƴan kuma masu maganin gargajiyarsu suna haɗa wa maza. To maƙwabciyarki ba ƙarya ta yi ba, abin da ta sani dai rabi ne.

Sauran rabin shi ne abin da kika kira camfi. Inna ba ta ɗibar magani a bakin juji, ko kusa da makewayi, ko gefen maƙabarta, ko bayan magariba. In mun tambaya sai ta ce wurin da masu shi. Ban ce babu aljanu ba, Alƙur'ani ya ambace su. Amma da na girma na lura duk wurin da ta ce da masu shi, wuri ne mai ƙazanta, ko lokacin da maciji ke fitowa kuma ido ba ya rabe ganye da ganye. Yaro ba ya jin dogon bayani, tsoro yake ji, sai ta ba shi abin da yake ji. Tsiron fadama kuwa ruwan da yake tsaye a ciki shi yake sha. Kwatar Nima kin san abin da ke bin cikinta har ya faɗa kogin Odaw. Mu nan rafin Aboabo da Subin haka suke, baƙin mai na makanikai, ruɓaɓɓen batir, abin da ba ya faɗuwa. In kin fita gari kuma ga kogunan Ofin da Oda da Pra, masu galamse, wato haƙar zinariya ta bayan fage, sun mayar da su kamar kunun koko, da zaibar da suke kama zinariya da ita. Tafasawa tana kashe ƙwayar cuta, amma ba ta fitar da dalma ko zaiba daga ganye, ƙonawa kuwa sai ma ta tattara dalmar a cikin toka.

Hana yaro tsinkowa kuma, saboda magani a wurinsu da mai shi yake tafiya. Ungozoma ko wanzami ko tsohuwar gida, wadda ta san inda aka yanko, ta san ke, ta san cikin nawa kika yi, ita za ta auna da tafin hannunta, ta ce kwana kaza ki tsaya, kuma gobe za ta leƙo ta ga yadda kika kwana. In abu ya ɓaci an san ƙofar da za a buga. Ba ta tumɓuke saiwa duka, takan bar na baɗi. Ba ta yanka kuɗi, tukuici ake ba ta in an ji sauƙi. Wannan ne ya ɓace mana, ganyen yana nan. Yanzu a tashar mota mai lasifika zai ɗaga kwalba ɗaya ya lissafa miki ciwo ashirin, gobe yana Techiman.

Kada ki ce na juya wa gargajiya baya. A ƙasar nan tamu Ghana an ba ta kujera. Cibiyar binciken maganin itatuwa ta Mampong Akuapem tana aiki tun 1975, da ƙoƙarin Dakta Oku Ampofo. An yi dokar masu maganin gargajiya a 2000, jami'ar KNUST nan Kumasi ta fara ba da digiri a fannin a 2001, kuma wasu asibitocin gwamnati suna da sashensu. In bayan kin haihu kina son na gargajiya, ta nan za ki bi, kuma duk kwalbar da babu lambar FDA, hukumar kula da abinci da magunguna, a jikinta ki bar wa mai ita.

Zan zo wankan jego in Allah ya kai mu. Na riga na yi saƙon karan gero daga Tamale, zan tace miki toka a gabanki ki gani, ko kya koya. Kunun kanwa za mu yi, amma ba irin na zamaninmu da ake zabga kanwa har cokali ya tsaya ba, likitocin Zariya sun daɗe da nuna yana taɓa zuciyar mai jego. Maƙwabciyar taki ki yi mata godiya, kada ki ce mata komai. Ki kira ni da kin dawo daga awo ki faɗa mini nawa jinin ya nuna.