Amsar Kawu a Kan Fatalwa da Tsofaffin Wurare

Ɗana,

Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya, saƙonka ya iso ni ranar Laraba bayan la'asar. Ka ce kun je Elmina da 'yan ajinku, an shiga da ku kurkukun bayi, kuma a hanyar komawa Ankara, babban birnin Ghana, wani daga cikinku ya yi ta rantsuwa cewa masu gadin wurin suna jin kukan mata da ƙarar sarƙa cikin dare. Daga nan ka tambaye ni ko mu Hausawa mun yarda da fatalwa, da kuma dalilin da ya sa marigayiya kakarka, Allah Ya jiƙanta, take hana ku bi ta gindin rimin bayan makaranta da magariba, take kuma sa ku yin sallama a ɗakin da babu kowa. Kana son sanin wanne ne addini, wanne ne al'ada.

Ta fuskar addini maganar ba ta da tsawo. A ƙarshen Suratul Mu'minun, aya ta 99 da ta 100, Allah Ya ba da labarin wanda mutuwa ta zo masa yana roƙon a mayar da shi duniya ko ya gyara aikinsa, aka ce masa a'a, kuma akwai barzahu a gabansu har ranar da za a tashe su. Saboda haka wanda aka kai makwancinsa ba ya dawowa ya zaga gari, ko salihi ne ko mugu. Aljanu kuwa halitta ce tabbatacciya, suna da sura guda da sunansu a cikin Alƙur'ani, kuma malamanmu suna cewa idan har mutum ya ga wani abu da kamannin mamaci, to, ko dai idonsa da tsoronsa ne suka haɗa kai, ko kuwa aljani ne ya rikiɗa. Amma kalmar fatalwa tana nan cikin harshenmu tun kafin a haifi kakannin kakanninmu, kuma yadda tsofaffi suke siffanta ta ba ya sauyawa: doguwa, cikin likkafani, ba ta sallama, ba ta amsawa, kuma kusan kullum ta wanda ya mutu da ƙulli a zuciya ce, ko maye, ko wanda aka zalunta. Ka riƙe wannan na ƙarshen, domin a kansa maganar tawa za ta fi tsayawa.

Abubuwan da kakarka take sa ku yi, ba daga tushe ɗaya suka fito ba. Shigar da yara gida da magariba yana da hadisi ingantacce, wanda ya yi umarni a tsare yara idan dare ya kawo kai, a rufe ƙofa da sunan Allah, a rufe tukwane da ƙore. Sallama a ɗakin da babu kowa ita ma an ruwaito ta daga magabata, mutum ya ce aminci ya tabbata a gare mu da bayin Allah salihai. Yin bisimilla kafin a watsar da ruwan zafi a tsakar gida, don kada a ƙona 'ya'yan mutanen ɓoye, wannan al'ada ce da ta jingina da addini ta sami wurin zama. Rimi kuwa labarinsa ya fi ba ni sha'awa. A ƙasar Hausa tsamiya da kuka ne ake cewa gidan iskoki. Da iyayenmu suka gangaro kurmi ba su tarar da su da yawa ba, sai tsoron ya tattara kayansa ya koma kan rimi, wanda dama can gida ma ba a raina shi, kuma suka iske masu ƙasa su ma suna cewa dodonsu na daji, sasabonsam, a kan irin waɗannan manyan itatuwa yake zama yana reto da ƙafafu.

Zama wuri ɗaya da Tonawa, wato Asantawa, fiye da shekara ɗari ya sa labaranmu da nasu sun gauraya, har yaron Zongo, wato unguwar Hausawa, ba ya iya rarrabe su. Su suna kiran fatalwa saman, lahirarsu kuma asamando, kuma a wurinsu wanda ya yi mutuwar haɗari ko ta kisa shi ne ya fi yawo, domin ba ya samun masauki da wuri. Suna kuma cewa rayukan matattu sukan biya ta tafkin Bosomtwe, mai tazarar kilomita 30 ko kusa da haka daga nan Kumasi, su yi bankwana kafin su wuce. Maganar da za ka ji a bakin tsofaffin matanmu cewa fatalwa ta hanci take magana, ko cewa kurwar mamaci tana zagaya gida har kwana arba'in, a ganina daga maƙwabta aka aro ta, aka liƙa wa sadakar arba'in, wadda ita kanta malaman garin nan sun daɗe suna saɓani a kanta. Akwai kuma labarin da kowace unguwa take da irinsa, na mutumin da aka binne a Kumasi sannan aka gan shi yana ciniki a Tamale ko Abijan, har da mata da 'ya'ya. Mutanen da abincinsu yake kan tafiya, waɗanda mutum kan yi shekara goma ba a ji ɗuriyarsa ba har a raba gadonsa, ba abin mamaki ba ne irin wannan labari ya yi kasuwa a cikinsu.

Abin da na lura da shi cikin shekarun da Allah Ya ba ni shi ne, labarin fatalwa ba ya sauka a ko'ina haka kawai. Yana da wuraren da yake zaɓa. Dubi garin nan. A tsakiyarsa, kusa da tsohuwar kasuwa, akwai kurmin da a zamanin da ake jefa gawarwakin waɗanda aka yanke wa hukuncin kisa, kuma sunan da masu gari suka ba shi ma'anarsa kurmin fatalwa. Yau babu komai a wajen sai shaguna da benaye. Ingilishi sun ƙone Kumasi a 1874. A 1896 suka kama Sarki Prempeh na ɗaya, suka fara tsare shi a Elmina ɗin nan da kuka je, kafin a wuce da shi Saliyo, daga can zuwa tsibirin Seshel, bai dawo ba sai 1924. A 1900, lokacin yaƙin Yaa Asantewaa, matar da ta jagoranci Asantawa a kan Ingilishi, an yi wa kagarar Turawa ƙawanya daga Afrilu zuwa Yuli, yunwa da ciwo suka kashe mutane da dama a ciki da gindin bangonta, kuma da yawa daga sojojin da ke ciki Hausawa ne da suka ɗauki bindigar Bature. Ginin yana nan, ya zama gidan tarihin soja. Muna yara, in aka aike mu ta wajen da yamma, da gudu muke wucewa, alhali ba wanda ya taɓa zaunar da mu ya gaya mana wane ne ya mutu a wurin. Tsoron ya iso gare mu, sunayen kuwa sun ɓace a hanya.

Ginin Elmina kuwa, Turawan Fotugal ne suka gina shi a 1482, Holan suka ƙwace a 1637, ya koma hannun Ingila a 1872. Wanda ya tsaya a cikin ɗakunan nan marasa taga, ya shaƙi warin da har yau bai gama barin bangon ba, ba ya buƙatar mai gadi ya gaya masa an yi kuka a wurin. Ban ga laifin abokin naka ba.

Sai dai ina so ka juya fuskarka arewa, domin mu ma muna da namu wurin, kuma ba mu cika son ambatonsa ba. Kakanninmu fataucin Gwanja ne ya kawo su. Suna tasowa daga Kano da Katsina da sauran garuruwa da jakuna, ɗauke da kanwa da tufafi da fatu, su sauka Salaga su sayi goro. Amma kasuwar Salaga ba goro kaɗai ake sayarwa a cikinta ba. Har da mutane, kuma kasuwar bayi ce da ta shahara a duk yankin. Abin da ya fi tsaya mini a rai ranar da na fara zuwa garin, ina saurayi ina bin wani maigidana sayen dabbobi, shi ne sunayen wuraren. Inda ake wanke bayi kafin a kai su kasuwa, Wankan Bayi ake kiransa. Inda ake yar da waɗanda suka mutu, ba wanka ba sallah, Rafin Angulu. Sunayen nan ba da harshen Fotugal ko Ingilishi aka raɗa su ba, da harshen da nake rubuta maka wannan takarda aka raɗa su. Wani dattijo da ya zaga da ni ya nuna mini bakin tsofaffin rijiyoyin da suka cika garin, wasu ciyawa ta rufe su, ya ce mata ba sa zuwa ɗiban ruwa a wasunsu idan rana ta faɗi, saboda ana jin motsi. Da na tambaye shi motsin mene ne, sai ya dube ni ya ce ai ni ɗan fatake ne, in je in tambayi gidanmu. Yaƙin basasar Salaga na 1892 shi ya watsa mutanen garin zuwa Karachi da Yeji da Kumasi da sauran zangogi, kuma gidaje da yawa a nan Zongo, har da namu, daga wannan watsewa suka samo asali. Mun taho da sana'a da karatu da sunan gida, amma wancan ɓangaren na labarin mun baro shi a bakin rijiya. Ni dai a nawa hukuncin, fatalwar Salaga haƙƙi ne da ba a biya ba, wanda mutanen gari suka rasa yadda za su faɗe shi a fili, sai suka ce motsi ake ji.

Akwai kuma fatalwar da na gani da idona, kuma ita ce za ta ba ka amsa game da kakarka fiye da duk abin da na rubuta a sama. A watan Nuwamba na 1969 gwamnatin Busia, firaministan Ghana na lokacin, ta ba baƙin da ba su da takardar zama mako biyu su bar ƙasa. Ina da shekara goma sha huɗu. Na ga mutane suna sayar da gado da keken ɗinki a kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba, na ga manyan motoci cike da mata da yara suna barin Aboabo. Maƙwabcinmu, wani mai cinikin goro, ya kulle gidansa da kwaɗo ya bar makulli a hannun limamin unguwa. Ba a yi wata guda ba yara suka fara cewa ana jin tari a gidan, kuma kafin asuba ana jin ƙarar buta da zubar ruwa kamar mai alwala. Wata rana bayan isha'i ni da abokaina biyu muka yi ƙarfin hali, na leƙa ta wata ɓarakar kwanon da aka kewaye gidan da shi. Na ga wani abu fari a zaune a ƙofar ɗaki cikin duhu, yana ɗan rausaya kai, kuma na ji ƙwayoyin carbi suna bugun juna ɗaya bayan ɗaya. Takalmina guda a wurin na baro shi.

Da na gaya wa kakarka, ba ta ƙaryata ni ba, ba ta kuma yi salati kamar yadda na zata ba. Cewa ta yi, to, yanzu na ga dalilin da ya sa aka hana mu zuwa, in je in faɗa wa sauran. Na kuwa faɗa, har da ƙari. Washegari na tarar da takalmin nawa a ƙofar ɗakinta, ban kuma iya tambayar wanda ya kawo shi ba. A lokacin ne na fara lura tana ƙara gari a tukunyar tuwo, kuma bayan mun kwanta takan fita da akushi a ƙarƙashin mayafi, ta dawo da shi babu komai.

Sai bayan soja sun kifar da gwamnatin a Janairun 1972 aka buɗe mana maganar. Wani tsoho ne mai ɗaurin huhun goro, wanda aka zo da shi ƙasar nan yana yaro a ƙafa, bai da takarda, bai da ɗa, kuma ko sunan ƙauyensu bai iya faɗa daidai ba, balle ya san wanda zai karɓe shi idan an sauke shi a kan iyaka. Liman da dattawan unguwa suka ɓoye shi a gidan wata biyar, kakarka da wasu mata biyu suna yi masa girki bi da bi. Labarin fatalwar mu yara ne muka ƙirƙiro shi, manya kuwa suka bar shi ya yaɗu, domin ya fi kwaɗo tsare ƙofa. Ba yaron da zai leƙa, ba mai tsegumin da zai kai rahoto. Matar da take hana ku bi ta gindin rimi ita ce take ratsa lungu ita kaɗai cikin tsakar dare zuwa gidan da duk unguwa take tsoro. Tsoron aljanu tana da shi gwargwado kamar kowace mace ta zamaninta, ba ta kwanciya sai ta karanta Ayatul Kursiyyu da Falaƙi da Nasi ta shafa muku, amma ta san lokacin da ake barin labari ya yi aikinsa.

Tsohon ya ƙara shekara shida a duniya, a zauren liman yake kwana, kuma a makabartar Tafo muka binne shi. An rushe gidan tuntuni an yi na bulo mai hawa biyu, amma watan jiya na ji jikokin maƙwabta suna cewa ana jin tari a wurin da dare.

Idan Allah Ya kai mu Babbar Sallah ka taho da kwana uku a hannunka. Za mu fara zuwa Tafo mu yi wa kakarka addu'a, in nuna maka wajen da tsohon yake, domin ba shi da mai ziyara sai mu. Daga nan mu kama hanyar Yeji, mu haye ruwa zuwa Makango, mu shiga Salaga. Ina so mu tsaya a Rafin Angulu mu karanta Ƙulhuwallahu, abin da ban yi ba a zuwana na farko. Ka gaishe mini da mahaifiyarka, ka ce mata maganin ƙafar da ta aiko ya iso.

Kawunka,
Aboabo, Kumasi