Ku Tambayi Baba: An rubuta miliyan 3.9, na je an ce mini miliyan 5.3

Tambaya: Assalamu alaikum Baba. Ni malamin makaranta ne a Damagaram, a unguwar Birni nake. Kafin Babbar Salla aka turo mini hoton wata Corolla a WhatsApp, an soke 5,500,000 da jan layi an rubuta 3,900,000, wai rangwamen salla. Na je filin da suke ajiye motocin, na gan ta, na ba da kafin alƙalami jika 300 (sefa 300,000), ba takarda. Da na koma da cikon kuɗin sai aka ce ba a yi mata duwan (kwastan) ba, in ƙara 1,100,000, la'adar dillalai 150,000, lamba da kartagiris (takardar rajistar mota) 200,000. Na ce a maido mini kuɗina, sun ce ni na fasa. Cuta ce ko haka sana'ar take? Kuma jika 300 ɗin sun tafi ke nan?

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ka haɗa lissafin da kanka: 5,350,000. Ragin da aka yi maka shela da jan layi, miliyan 1 da jika 600, ya koma jika 150. Shi ma ɗin ban yarda da shi ba, don lambar da aka soke ba wanda ya taɓa biyanta. Mai mota ne ya rubuta ta da hannunsa ya kuma soke ta da hannunsa, don ta ƙasa ta yi kyan gani.

Na yi zamanin ɗauko motoci daga Kwatano, don haka bari in raba maka abin gida biyu. Kuɗin duwan gaskiya ne, ba ƙirƙirarsu ba ce. Motar da ta shigo Nijar daga waje, ko ta tashar jirgin ruwa ko ta Kano ta Ɗan Barto da lambar Najeriya, sai an biya mata haraji kafin ta sami lambar ƙasa. TVA, wato harajin da gwamnati ke ɗorawa a kan kayan saye, kaɗai kashi 19 cikin ɗari ne, kuma ana ɗora shi a kan darajar da duwan suka yanke wa motar haɗe da harajin shigowa, ba a kan abin da kai da mai mota kuka sasanta ba. In jimlar ta kama miliyan 3, TVA ita kaɗai jika 570 ke nan. Cutar tana wurin ɓoyewa. Duk wanda ya kwana biyu a wannan sana'a ya san mota farashi biyu gare ta, da duwan da kuma ba duwan, kuma tsakaninmu shi ne abin da ake fara faɗi tun kafin a buɗe bonet. Wanda ya tallata maka na biyun ya yi shiru ya san abin da yake yi.

Da ma tun daga hoton ya kamata gabanka ya faɗi. Da aka rufe iyakar Gaya da Malanbil ta Nijar da Benin a 2023, kaya da yawa ta Lome suka koma biyowa, su ratsa Burkina cikin ayari da rakiyar soja, su iso Yamai, sannan a kamo kusan kilomita 900 zuwa nan. Kowane kwana a hanya kuɗi ne. Sefa kuma a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, ba ta yi wani tashin da zai sa motar Turai ta yi araha dare ɗaya ba. To daga ina mutum zai sami miliyan ɗaya da rabi ya yafe maka saboda salla? Banza ba ta kai zomo kasuwa.

Ka yi sa'a ma motar da ka gani a hoto ita ka tarar. Wasu za ka je a ce "ai yanzun nan wani Alhaji ya ɗauke ta, amma ga ƙanwarta", ƙanwar kuwa ta fi tsada. Wasu kuma kana tsaye sai ga mutum ya zo yana zagaya motar yana taya ta sama da kai, alhali yaron gidan ne. Wannan shi ne najashi, kuma Annabi (SAW) ya hana shi.

La'ada hakkin dillali ce, ban ƙi ba, na ci ta ni ma. Amma ana faɗin ta tun farko, a san nawa ce, a san wa zai biya. A ce sai ranar biyan kuɗi mutum huɗu su taso daga benci kowa da kasonsa, wannan ba la'ada ba ce. Lamba da kartagiris kuwa suna da ofishinsu da rasiɗinsu. Ka tambayi kuɗin a can da bakinka, ko ka ce su kawo maka rasiɗin asali.

Sai batun jika 300. Rashin takarda ya raunana ka, amma bai kashe maganar ba. Kada ka goge hoton nan, da saƙonnin, da muryoyin da suka turo. In ta waya ko ta kamfanin aika kuɗi ka biya, rasiɗin shaida ne. In hannu da hannu ne, ka tuna wa ke wurin. Hujjarka guda ce: ka ba da kuɗi a kan mota ta 3,900,000, su suka canja farashi, don haka ba kai ka fasa ba. Ko da ma kai ka fasa, a mazhabarmu ta Malikiyya ba a yarda mai kaya ya cinye kafin alƙalami don ciniki ya warware ba. Kowane malamin zaure zai gaya musu haka.

Kada ka fara da ƴan sanda. Ka ɗauki dattijo ɗaya da ake jin nauyinsa, ku je wurin shugaban dillalan filin, ka nuna hoton a gaban mai motar. Yawanci a nan ake gamawa, don ba mai son a san shi da wannan a garin da kowa ya san kakan kowa. Ƙila su nemi ka bar wani abu. In kaɗan ne, ka duba ko ya kai ka yi ta zarya. In suka ƙi, Nijar tana da dokar kare masu saye tun 2015, ka kai ƙara ofishin kasuwanci na jiha ko kotu.

In kuma har yanzu ranka na kan motar, ka yi musu tambaya ɗaya: nawa zan biya in fita da ita daga filin nan da duwan, da lamba, da kartagiris a sunana? A rubuta adadin da alƙaluma, a sefa, ba da baki ba, a sa lambar shasi, shaidu biyu su sa hannu. Ka je da bakanikenka, ba nasu ba. Ku gwada lambar shasin jikin motar da ta takarda, harufa da lambobi 17 ne. In motar Amurka ce, na goma shi ke faɗin shekararta: 8 na nufin 2008, A na nufin 2010. Corolla da yawa da ake kira ƴar 2010 a filayenmu, in ka duba wurin nan 6 za ka gani ko 7.