Gwamna Zai Iya Sauke Sarki, Amma Ba Zai Iya Juya 'Yan Sanda Ba?

TAMBAYA: Malam, kullum ana kiran gwamna babban jami'in tsaro na jiharsa, amma idan 'yan bindiga suka kai hari sai mu ji ya ce ba shi da iko da 'yan sanda, alhali yana iya naɗa sarki ko ya sauke shi. Ina iyakar ikonsa take? Daga wani mai karatu a Gusau.

AMSA: Malam, Kundin Tsarin Mulki na 1999 ya raba iko ne ta hanyar jeri biyu. Jeri na farko ya fara ne da abubuwa 68 waɗanda Majalisar Dokoki ta Ƙasa kaɗai ke yi wa doka, kamar sojoji da 'yan sanda da kuɗin ƙasa da ma'adinai, shi ya sa zinariyar Zamfara take hannun tarayya duk da cewa Dokar Filaye ta 1978 ta danƙa ƙasar jihar ga gwamna. Jeri na biyu na haɗaka ne, inda ɓangarorin biyu ke iya yin doka, sai dai idan dokokin suka saɓa, ta tarayya ce ke rinjaye. Abin da ba ya cikin jeri ko ɗaya na jiha ne, kuma sarauta tana cikinsa, wanda hakan ya bai wa majalisar Kano damar ƙirƙiro sababbin masarautu huɗu a 2019, ta kuma soke dokar a 2024.

Batun 'yan sanda kuwa, sashe na 214 ya tanadi runduna ɗaya tak ga ƙasa baki ɗaya, sashe na 215 kuma ya ce gwamna na iya bai wa kwamishinan 'yan sandan jihar umarni, amma kwamishinan yana da damar neman a miƙa maganar ga Shugaban Ƙasa kafin ya aiwatar. A ganina laƙabin nan na babban jami'in tsaro ya fi ikon da ke bayansa girma, ko da yake wasu gwamnonin suna fakewa da wannan giɓi alhali kuɗin tsaro na shiga hannunsu.

Dattawa za su tuna cewa a Jamhuriya ta Farko En'e, wato hukumar gargajiya, tana da 'yan dokarta, sai mulkin soja ya haɗe su cikin rundunar tarayya bayan ƙorafin cewa ana amfani da su wajen muzguna wa 'yan adawa. Wannan fargaba ce ta daɗe tana riƙe maganar 'yan sandan jiha. Jerin kansa yana sauyawa, domin a Maris 2023 aka mayar da jirgin ƙasa da gidajen gyaran hali cikin jerin haɗaka, gyaran da sai da majalisun jihohi aƙalla 24 cikin 36 suka amince da shi.