Kafin ka kunna wa yara fim ɗin yaƙi

Ɗana, Allah ya yi maka albarka. Tambayarka ta iso gare ni. Ka ce an ba ka 'yan aji uku na ƙaramar sakandare, kun zo kan Yaƙin Duniya na Biyu, kuma da ka juya allo ka fara jera shekaru sai hamma ta kama aji. Shi ne kake son aro majigi ka kunna musu fim ɗin yaƙi, tunda gani ya kori ji. Kana tambaya ko hakan daidai ne.

Daidai ne, ni ma ina yi. Sai dai wannan karin maganar da ka kawo ita ce abin da nake tsoro. Gani yana korar ji da gaske. Abin da yaro ɗan shekara goma sha uku ya gani a bango da kiɗa da ƙarar bindiga, shi zai zauna masa a kai, ko da ƙarya ne, kuma duk bayanin da ka yi da alli ba zai ture shi cikin sauƙi ba. Akwai wani fim ɗin Amurka na shekarar 2000 mai suna U-571, wanda ya nuna sojojin ruwan Amurka ne suka ƙwato na'urar saƙon sirri ta Jamusawa, Enigma, daga jirgin ƙarƙashin teku. Alhali sojojin ruwan Birtaniya ne suka ƙwato ta a watan Mayun 1941, watanni kafin Amurka ta shiga yaƙin a Disambar wannan shekara. Har a majalisar dokokin Birtaniya sai da aka yi ƙorafi a kan fim ɗin. To ka ce yaronka ya kalli wannan shi kaɗai, wa zai warware masa?

Don haka ka shigo da fim aji kamar mai ba da shaida a gaban alƙali. Ana saurarensa, amma ana yi masa tambayoyi, kuma ana kiran wasu shaidun. Alƙalan su ne yaran, aikinka shi ne ka koya musu tambaya.

Kada ka taɓa kunna abin da ba ka kalla ba daga farko har ƙarshe, da biro da takarda a hannunka, kana rubuta minti na nawa abu kaza ya faru. Kuma ka cire rai da nuna fim sukutum. Darasinka minti arba'in ne, fim awa biyu ne ko fiye. Ka zaɓi minti takwas ko goma. Kafin ka kunna, ka zana taswira, ka faɗa musu ina ne nan, wace shekara ce, su wa ke faɗa da wa, a kan me. Ka rubuta tambaya biyu a allo su kwafa, domin su shiga kallon suna neman wani abu. In ba ka yi haka ba, ajin zai koma gidan kallo, ka ji suna tambayar juna wane ne akta, wane ne bos, suna tafi in an harbe wani. Turancin 'yan fim kuma yana yi musu sauri, don haka ka riƙa tsayarwa kana fassarawa da Hausa.

Yanzu ga abin da ya fi damuna, kuma ina so ka ba shi muhimmanci fiye da komai. Finafinan yaƙi da yawa ba don yara aka yi su ba. Saving Private Ryan na 1998, wanda malamai ke yawan ambata saboda yadda ya nuna saukar sojojin ƙawance a gaɓar Nomandi ta ƙasar Faransa ranar 6 ga Yunin 1944, a can Amurka ma ba a barin wanda bai kai shekara 17 ba ya shiga sinima kallonsa sai tare da babba. Akwai tsinkewar gaɓoɓi da jini a fili. Mu kuma a wannan zamani ajinmu ba irin na da ba ne. Cikin yaran da ke gabanka akwai wanda ya taso daga Borno ko Yobe da gudu, akwai wanda 'yan bindiga suka tashi ƙauyensu a Zamfara ko Katsina. Na taɓa gani a ajin wani abokin aiki, ana fara ƙarar harbi a lasifika sai wata yarinya ta toshe kunnuwa ta cikin hijabi, ta sulale ƙarƙashin benci jikinta na rawa, sauran yara suna dariya don ba su san abin da ta gani a garinsu ba. Ka tambayi malamin aji tarihin yaranka tun kafin ranar. Ka sanar da shugaban makaranta abin da za ka nuna. Ka gaya wa yara a fili cewa za a ji harbi, kuma duk wanda ba ya so ya fita ya zauna a inuwa ba tare da an tambaye shi dalili ba. Ka rage murya. Kai kuma ka tsaya a gefe inda kake ganin fuskokinsu, fim ɗin ai ka riga ka gani. Sau da yawa ma wurin da ba a harbi ya fi koyarwa: soja na rubuta wasiƙa gida, mutanen gari na layin abinci, iyali na ɗaure kaya za su bar gida.

Bayan an kashe majigi ne aikin tarihi yake farawa. Wa ya yi wannan fim, a wace ƙasa, shekara nawa bayan yaƙin? Wa aka ba suna da uwa da mata, wa aka bari ba suna sai dai a harbe shi? Sannan tambayar da na fi so: wa babu a ciki?

A nan za ka sami yaranka. Wanda ya san yaƙin ta finafinan Amurka kawai ba zai san Tarayyar Sobiyet ta rasa mutum wajen miliyan 27 ba. Kuma ba zai ga kakanninsa ba. Rundunoni biyu na Afirka ta Yamma, ta 81 da ta 82, masu sojoji daga Najeriya da Gwalkwas (Gana ta yau) da Saliyo da Gambiya, sun yaƙi Japan a dazukan Bama, wato ƙasar Burma da ake kira Myanmar a yau. Sun ratsa kwarin Kaladan da yankin Arakan, a wurare da yawa ba hanyar mota, kaya a ka, abinci sai jirgin sama ya jefo. A Janairun 1945 suka kama garin Myohaung. Hausa ce harshen da aka fi aiki da shi a bataliyoyin Najeriya, har hafsoshin Turawa sai da suka koye ta. Kafin nan, a Fabrairun 1941, birged ɗin Najeriya na cikin waɗanda suka karɓe Mogadishu daga hannun Italiya. Ka rubuta musu a allo: barikin Chindit a Zariya, Kalapanzin a Kaduna, Dodan a Legas, Mogadishu a Abuja, Burma Camp a Akara. Ka tambaye su daga ina waɗannan sunaye suka fito. Za ka ga aji ya farka, don wasunsu sun sha wucewa ta ƙofar barikin.

'Yan'uwanmu na Nijar da sauran ƙasashen da Faransa ta mallaka su ma an kwashe su cikin sojojin da ake kira tirayo. Ranar 1 ga Disambar 1944, a sansanin Thiaroye kusa da Dakar, sojojin Faransa suka buɗe wuta a kan waɗanda suka dawo daga yaƙi suna neman haƙƙinsu na albashi. Ousmane Sembène na Senegal ya yi fim a kai a 1988. In ka samu, ka ɗauko 'yan mintuna daga wurin da suke gardama kan kuɗinsu, ka ajiye kusa da na Amurkawa, yara su gwada da kansu yadda yaƙi ɗaya yake fitowa daban gwargwadon wanda ya riƙe kyamara.

Tsofaffin hotunan labarai baƙi da fari ma kada ka ce musu su ne gaskiya tsantsa. A 1939 Birtaniya ta kafa sashen shirya finafinai na ƙasashen mulkin mallaka, motocin majigi suna zagaya garuruwa don a samu goyon bayan yaƙin. Su ma suna da mai su, su ma a yi musu tambayoyin nan.

Aikin gida kuwa, ka tura su wajen tsofaffin gida da na unguwa su tambaya ko akwai wanda ya je yaƙin Bama a zuriyarsu, me ya dawo da shi, me ake cewa ya faɗa. Mazan jiyan da suka je sun kusa ƙarewa, amma 'ya'yansu suna nan, wani gidan ma akwai lambar yabo ko takardar sallama a ƙasan adaka. Kowa ya rubuto rabin shafi tare da bayanin wanda ya ba shi labarin. Wanda bai samu komai ba, ya rubuto wa ya tambaya da amsar da aka ba shi, shi ma ka ba shi maki.

Ka buga hotuna uku ko huɗu a takarda ka riƙe a jaka, saboda wuta na iya ɗaukewa ko janareta ya ƙi tashi. Kuma ka kawo mini tsarin darasinka da mintunan da ka zaɓa mu duba tare kafin ranar.